Yadda Na Tafi Neman Haruna Na Dawo da Kwaku

A tashar Yamai na fara gane cewa duniya ba ta san gidanmu ba. Ni Ilu, ɗan Sarkin Aska na ƙauyenmu can gabas da Dungas, wanda in na ajiye zabira a kasuwar Waca ko ta Guci sai mutane sun kewaye ni, ga ni tsaye tsakanin kamiyoyi, manyan motocin kaya, ba mai ce mini ko sannu. Wani aparanti ma, yaron mota, ya bangaje ni da buhun albasa, ya juyo yana zagina da Zabarmanci. Na rama masa da Hausa, muka rabu kowa bai ji abin da aka ce masa ba.

Wannan bayan babban farin nan ne da ya cinye shanun mutane. Amma ni ba yunwa ce ta fito da ni ba, magana ɗaya ce ta Inna.

Yayana Haruna ya tafi Gana cin rani tun ina riƙe wa Baba ƙaho. Da fari yakan aiko da goro da turmin atamfa. Sai shekarar da aka kori baƙi daga ƙasar, mutanen yankinmu suka yi ta dawowa da tabarmi da akwatuna a ka, shi shiru. Ba wanda ya ce ya gan shi, ba wanda ya ce ya ga gawarsa. Baba ya rasu yana kallon hanya. Inna kuma yanar ido ta fara rufe mata gani. Wata rana tana tsintar wake da lalube ta ce, "Ilu, ka je ka nemo mini yayanka tun ina iya bambanta mutum da turmi."

Yayanka, ta ce. Tun da aka haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Ɗan fari ne, ga shi sunan surukinta aka sa masa, wato kakanmu, kunya biyu ta haɗu wuri ɗaya. In tana son ya zo sai ta aiki wani, ko ta yi gyaran murya. Akwai wani Haruna mai sayar da gishiri a garinmu, shi ma albarkacin sunan "mai gishiri" kawai take ce masa har ya mutu. To na ɗauki zabirata, na sa askar Baba a ciki, wadda gadon babban ɗa ce, na naɗe rigar saƙin Baba a cikin buhu, na kama hanya.

Bayan Yamai kamiyonmu ya mutu kusa da garin Fada, a dajin da ba ko rijiya. Guzurina ya ƙare, maƙogwarona ya bushe har ba na iya haɗiye yawu. Wata tsohuwa ta fito daga gona da tulu a ka. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta dube ni, ta sauke tulun, ta dama mini gari da ruwa a ƙwarya, ta tsaya a kaina har na shanye. Na miƙa mata ɗan abin da ke aljihuna, ta ture hannuna ta yi tafiyarta. Har yau in na yi addu'a ina sa ta, ban kuwa san sunanta ba.

Da muka doshi iyakar Gana sai na ga abin mamaki. Mutanen da muka taho tare tun daga Yamai kowa ya fara bitar sabon suna. Wani dattijo Bazabarme da ya saba da hanyar ya matso kusa da ni ya ce, "Ɗan Damagaram, in an tambaye ka, kai haifaffen zangon Tamale ne, sunanka Fuseni."

Na ce, "Fuseni na gidan uban wa? Sunan da aka yanka mini rago zan ajiye a bakin hanya kamar takalmi?"

Ya ce, "To Allah ya ba ka sa'a da ragonka."

Aka tambaye ni, na buga ƙirji na ce Iliyasu ɗan Sarkin Aska, daga ƙasar Magariya. Fusenai duk suka wuce, ni aka zaunar da ni a rana, kamiyo ya tafi ya bar ni. Ina zaune ina cizon yatsa sai na lura babban masu tsaron yana ta sosa haɓa, ƙuraje sun cika masa wuya saboda mugun aski. Ban iya ganin ɓarna a fuskar mutum in yi shiru. Na nuna masa aska, na nuna haɓarsa. Ya zauna. Kafin la'asar na aske su kaf, har da mai dafa musu abinci. Babban ya shafa fuskarsa, ya yi dariya, ya tsayar da wata motar doya ya sa ni a gaba kusa da direba.

Ruwan Yeji kuwa, wayyo Allah! Ni da babban ruwan da na sani shi ne tabkin bayan garinmu, wanda jaki ke ratsawa bai jiƙa ciki ba, sai ga ruwa ba a ganin ƙarshensa, kuma wai motar ma cikin jirgi za a sa ta. Na karanta duk abin da na haddace tun ina allo, na ƙara da wanda ban haddace ba. Matan da ke sayar da kifi a jirgin suka yi ta kwaikwayona suna dariya. Ɗayarsu ta ɓare mini soyayyen kifi ta tura mini a hannu. Na ci, ido a rufe.

Na iso Kumasi na sauka a zango, unguwar Hausawa. Nan na haɗu da Tanimu, wani siririn mutum mai farar hula da zaƙin baki. Ina faɗin abin da ya kawo ni ya tafa hannu ya ce, "Haruna na Damagaram? Ai abokina ne! Gobe-gobe za ka gan shi. Amma fa wurin da nisa, sai mun karya kumallo."

Muka karya, ni na biya. Ya kai ni wurin wani Haruna mahauci, Bakatsine. Na ce ba shi ba ne. Ya ce, "Af, ɗayan kake nufi!" Kashegari muka sake karyawa, ya kai ni wurin Haruna mai gadi, tsoho tukuf ba haƙori. Daga nan sai wani Haruna da ko Hausa ba ya ji. Kowane Haruna da tuwonsa da namansa, duk a wuyana. Ran da na ce wa Tanimu na gaji, ya ce in ba shi rigar Baba ya nuna wa wani Haruna na bayan gari, in ya gane ta to shi ne. Na ba shi, don Allah ya sani idona ya rufe. Rabona da Tanimu da rigar ke nan. Na yi ta zagaye zango da sanda ina nemansa, Allah ya taimake shi, ni ma ya taimake ni, ba mu haɗu ba.

Lokacin ne kewar gida ta kama ni sosai. Kullum ruwa, sama a rufe, tufafi ba sa bushewa. Ba fura, ba nono, sai sakwarar rogo da ayaba da ake haɗiyewa ba tauna. Nakan tuna da rairayin ƙofar gidanmu da ƙamshin gero in ana sussuka, sai hawaye su zo mini, ni ƙato da gemu.

Wadda ta riƙe ni ita ce Iya Mariya mai koko, wata dattijuwa da kakanninta suka zo daga Kano fataucin goro, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kowace safiya takan cika mini kwano da kokon gero ta ce, "Sha, ɗana, na ga ƙasarku a idonka." Ita ce ta zaunar da ni wata rana ta ce, "Kana ta Haruna, Haruna. Shekarar kora, wanda duk ya tsira a ƙasar nan da wani suna ya tsira. Wataƙila shi kansa ya daɗe bai ji wannan sunan ba."

Na ce, "Iya, ba ki san gidanmu ba. Mu ne masu askin suna. A hannunmu jariri ke karɓar sunansa. Ɗan gidanmu ba ya yar da nasa."

Ta ce, "To sha kokonka kada ya huce."

Aljihu ya bushe, sai na shimfiɗa buhu a gindin wata bishiya kusa da babbar tasha na kama sana'ar gado. Ana nan wata ranar kasuwa sai wani manomin koko, irin wanda ake cakulan da shi, Ba'asante, kakkaura, ya zauna a gabana a yi masa aski. Zafi ya dame shi, ya sauke mayafin nan nasu daga kafaɗa zuwa ƙugu. Na zagaya bayansa da aska a hannu, sai na tsaya cak.

Bari in gaya muku. Kowane gidan wanzamai da hannunsa. Yawanci in za su yi ƙaho a baya, jere suke yi, sahu biyu. Mu kuwa uku muke kafawa kamar duwatsun murhu, biyu a ƙarƙashin kafaɗu, ɗaya a tsakiya daga ƙasa. Kuma tsagarmu karkace take zuwa hagu, domin kakanmu bahago ne, da hagu ya koya wa Baba, Baba ya koya mana da hagu, ko da yake da dama muke cin tuwo. Wanzaman Magariya har tsiya suke mana a kan haka. To ga murhun gidanmu a bayan Ba'asante, tabon ko gama warkewa bai yi ba.

Na ce, "Wa ya yi maka wannan?"

Yana jin Hausar kasuwa kaɗan-kaɗan. Ya ce, "Papa Kwaku. Wanzamin garinmu."

"Bahaushe ne?"

Nan take fuskarsa ta canza. Ya ja mayafinsa ya ce, "Asante ne. Ɗan garinmu. Uwarsa Asante, ubansa Asante."

Na ce, "Ƙarya kake, wallahi!"

Ya miƙe da rabin aski a kai, ni ma na miƙe, mutane suka taru. Da na ga bakina ba zai fisshe ni ba sai na tuɓe rigata na juya wa jama'a baya, don ni ma Baba ya yi mini ƙaho shekarar da ya rasu. Na nuna bayana, na nuna nasa. Wata mai sayar da lemo ta leƙa nawa, ta janye mayafin mutumin ta leƙa nasa, ta kwarma ihu da yarensu. Sai kowa ya shiga leƙe, ana tafi ana shewa. Shi kuma ba ya iya ganin bayansa, sai juyawa yake yana tambaya. Da aka fahimtar da shi ya dube ni tun daga sama har ƙasa ya ce, "Kai ba ɗan sanda ba?"

Na ce, "Ƙanensa ne ni. Uwarmu ɗaya."

Ya zauna ya ce, "Gama aski. Mu tafi."

Garin nasu yana cikin kurmi, jar hanya, ko'ina an shanya ƴaƴan koko a kan tabarmi. A ƙofar wani gida mai rufin kwano na hango wasu mutane suna dara, ɗayansu ya yafa zane irin na Asante, ya yi ƙiba, yana ta zuba yarensu yana dariya. Dariyar Baba ce sak. Na tsaya daga nesa na ce, "Haruna!"

Bai juyo ba. Ya ɗebi ƴaƴan dara zai zuba, sai hannun ya tsaya a sama. Ya waiwayo a hankali. Ga tsagar gidanmu a kumatunsa, wadda duk garin suka shekara da shekaru suna yi kamar ba sa gani.

Ya ce, "Wa... wane ne?" Hausar ma da ƙyar ta fito.

Na ce, "Ilu ne, Yaya."

Duk faɗan da na tanada tun daga Yamai ya bi iska. Muka rungume juna muna kuka, ƴan dara suka tashi suna ta bubbuga mana baya. Sai da na ci na ƙoshi sannan faɗan ya dawo. Na ce, "Yaya, ka kyauta ke nan? Baba ya tafi yana kallon hanya. Inna ido na tafiya. Kai kana nan kana dara, wai kai Kwaku!"

Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Sannan ya ba ni labari, yana yi yana laluben kalmomi. Shekarar kora, da aka zo kwashe baƙi, tsohon da ya ba shi masauki, wanda daga baya ya ba shi ƴarsa, shi ya fito ya tsaya a ƙofa ya ce, "Nan ba baƙo. Wannan ɗana ne Kwaku, ran Laraba aka haife shi." Su haka suke, ranar haihuwarka ita ce sunanka. Duk garin suka ce haka ne. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ce masa Haruna, don kada bakin wani ya suɓuce.

Ya ce, "Da fari tsoro ne, in na fita ba zan iya komowa wurin iyalina ba. Daga baya kunya ce. In je in ce wa Baba me? Na ajiye sunan ubansa? Matata tana zuwa coci ran Lahadi, ƴaƴana Akosuwa da Yaw? Kowace shekara sai in ce baɗi, kowace baɗi abin ya fi nauyi."

Na buɗe zabira na ɗauko askar Baba na ajiye a gabansa. Ya ɗauka, da hagu, ya kifa fuska a kanta.

Matarsa Abena ce ta yanke maganar. Doguwa ce, mai faɗa kamar ni, shi ya sa jininmu ya haɗu. Ita ce ke tashinsa sallar asuba, ita ce kuma ta hana a sa naman daji a tukunyar gidan saboda shi. Ta tambayi abin da na ce, ya fassara mata. Ta riƙe ƙugu ta zazzaga masa magana mai tsawo. Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Wai in an gama tsinkar koko za mu tafi, da ita da yara. Wai in ni ba ni da kunyar uwata, ita tana da ta surukarta."

Na zauna da su har aka gama kaka. Suka tambayi ranar haihuwata, na ce Juma'a, shi ke nan na zama Kofi. Na yi rantsuwa ba zan amsa ba. Abena ta gane lagona, ba ta kiran sunan sai ta sauke tukunya. Ranar farko na daure. Rana ta biyu ƙamshin miyar gyaɗa ya tashi, ta ce, "Kofi!" sai na ji bakina ya ce, "Na'am." Gidan duka aka kwashe da dariya, har tsohon surukin Yaya da ba ya ji sosai.

A hanyar dawowa, tun daga Damagaram Yaya yake roƙona. "Ilu, don Allah kada Inna ta ji sunan nan. Ta ji da rashin Baba, kada in ƙara mata." Na yi masa alkawari. Ya saya wa kansa riga da hula a kasuwar Magariya, ya yi ta koya wa yara gaisuwa.

Muka shiga gida da hantsi. Gari ya ɗauka, mata na guɗa, maƙwabta sun cika zaure. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Yaya ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, na dawo." Ta kau da kai gefe, yadda uwa ke yi wa ɗan fari, ta ce da ni, "Ilu, kun sha hanya. A ba baƙi ruwa." Ta jawo jikokin ta shafa kawunansu, ta kama hannun Abena ta riƙe. Shi kuwa ko kallo.

Alkawarina bai kai azahar ba, kuma ba ni na karya shi ba. Abena tana neman abin ɗibar ruwa, ta ɗaga murya daga bayan ɗaki ta ce, "Kwaku!" Shi kuma ya amsa kafin ya tuna.

Inna ta ce, "Wa take kira?"

Yaya ya dube ni, ni na dubi ƙasa. Na ga ba mafita, na durƙusa na gaya mata duka, da kora, da tsohon da ya tsaya a ƙofa, da ranar Laraba.

Can ta ce, "Laraba ce kuwa, da hantsi kamar yadda kuka shigo. Mutumin nan bai yi ƙarya ba." Sannan ta ce, "Ilu, wannan sunan, akwai mai shi a dangin ubanku?"

Na ce, "Babu, Inna."

"Ba na surukina ba ne. Ba shi aka raɗa ran suna ba."

"Ba shi ba ne."

Na ga leɓenta yana motsi, tana gwada shi a ciki. Sai ta juyo da fuskarta sosai wajen da yake durƙushe, ta ce, "Kwaku."

Mutum mai furfura a gemu, tun da ya zo duniya bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba. Da ƙyar ya ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "Matso nan in gan ka, Kwaku, idon ba ya kaiwa can."

Ya matsa. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta kawo dab da tata, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ka yi ƙiba. Yarinyar nan tana ba ka abinci." Muka fashe da dariya, kowa na share ido.

Wata gwaggonmu ta ce, "Yau na ga abin da ya isa! Ke da ɗan fari?" Inna ta ce, "Wanda na hana bakina yana nan inda na ajiye shi, ban taɓa ba. Wannan kuwa baƙi suka ba ni."

Ranar ba wanda ya huta. Kwaku miƙo mini buta, Kwaku kori akuyar nan, Kwaku yaran nan sun ci? Ni da na ratsa ruwan Yeji na rasa rigar Baba, ko sau ɗaya ba a nemi Ilu ba, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin a manta da ni irin na ranar ba.

Da la'asar sakaliya baƙi sun watse, ina wasa aska a gindin bishiyar bedi, Yaya yana alwala. Sai na ji ta daga ƙofar ɗaki.

"Kwaku."

Ya ajiye buta da sauri ya ce, "Na'am, Inna. Me za a kawo miki?"

Ta ce, "Ba komai. Kira kawai nake yi."